Ɗauko Gwaggo Daga Filin Jirgi

A danginmu ni ne masanin filin jirgin sama. Na sami wannan muƙami ne saboda na taɓa raka wani shugabanmu na wurin aiki har bakin ƙofar shiga, na riƙe masa jaka, na tsaya ina ɗaga hannu har ya shige. Ban taɓa hawa jirgi ba. Amma tun daga ranar, duk maganar da ta shafi jirgi idan ta taso a gida, ni ake juyowa a kalla. Aikina na gaskiya malamin gona ne a Kibiya. Ina yawo a kan babur ina ba manoma shawara, suna yi mini godiya, suna ci gaba da yin yadda suka ga dama.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tana zaune a Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Yanar ido ta daɗe tana rufe mata gani a hankali, har ta kai ga da murya take gane mutane. Ɗanta, wato taubashina, yana aiki a Abuja a wani ofis da har yau babu wanda ya iya faɗin sunansa daidai a gidanmu. Shi ya sa aka kai ta can a mota, aka yi mata aikin ido. Da ta warware, sai ya yanke shawarar cewa uwarsa ba za ta sake shan wahalar hanya ba, a jirgi za ta dawo.

Ya kira ni ina tsakiyar wata gonar masara. Ni da shi kowa yaronsa yake kiran ɗan'uwansa, tun muna ƙanana ba a raba gardamar ba.

Ya ce, "Yarona, ka buɗe kunne. Na ɗauki mota daga wani kamfani za ta ɗauko Inna daga filin jirgin Kano har ƙofar gida. Ba tasi ba ce, kada ka je kana ce wa mutane tasi."

Na ce, "To mece ce?"

"Jif ce, da direba mai kwat. Zai tsaya da kwali an rubuta sunanta. Akwai ruwan sanyi a ciki. Kai naka kawai ka je ka nuna masa ita, ka riƙe jaka, tunda ka saba."

Na yi masa godiya da wannan ƙarin girma.

Da na kai wa Baffa labari, ban zaci zai ɓata masa rai ba. Baffa ƙanen Gwaggo ne, kuma tun rasuwar mahaifina shi ne babba namiji a gidan. Ya ajiye butar da ke hannunsa ya daɗe yana kallona kamar ni na ƙirƙiro kamfanin.

Ya ce, "Yayata ta sauka a Kano, a ce wani baƙo ne zai ɗauko ta, kamar ba ta da kowa a duniya? Idan ya sayar da ita fa?"

Na so in tambaye shi wa zai sayi Gwaggo. A yammacin nan ya aika aka kira direban tasharmu, ya ɗauki shatar motarsa zuwa Kano da dawowa. Na nuna masa cewa hakan na nufin motoci biyu kenan don mutum ɗaya. Ya ce ko goma ne bai dame shi ba, ita za ta zaɓa, kuma ya san wadda za ta zaɓa.

Motar direbanmu tsohuwa ce mai dogon baya, ta girmi wasu daga cikin fasinjojinta. Asalin launinta babu wanda ya shaida. Ƙofar gaba da igiya ake riƙe ta, gilashin gefen direba ya sauka wata shekara bai sake hawa ba, kuma ba ta tashi da makulli sai da turi. Duk da haka ita ke kai Gwaggo kasuwa da jarkokin manta shekara da shekaru, ba a taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Mun tashi da safe, damina ta yi nisa, dawa ta fara rufe mutum. Baffa ya sha babbar riga ya zauna a gaba. Ni ina baya ni kaɗai, na miƙe ƙafa ina jin daɗin abin da ake kira shata. Ba mu kai Rano ba direbanmu ya taka birki, ya ɗauki wata mata da kwandon kaji. Ya juyo ya ce wa Baffa surukarsa ce, ba zai iya wuce ta ba. A fitar Rano ya ɗauki wani dattijo da buhun albasa, shi ma suruki. Kafin mu isa Bunkure na koma maƙale jikin ƙofa, kaza na leƙen aljihuna. Ban taɓa sanin mutumin da Allah ya yi wa arzikin surukai irinsa ba, kuma kowannensu idan zai sauka sai ya miƙa masa wani abu a dunƙule, ina jin gaisuwar surukuta ce.

A ƙofar filin jirgi masu tsaro suka zagaya motar suna dubawa, ɗayansu ya leƙa ƙarƙashinta, wataƙila yana neman abin da ke riƙe da ita. Suka bar mu muka wuce. Direbanmu ya ratsa wurin ajiye motoci gaba ɗaya, ya wuce guraben da babu kowa, sai can ƙarshe inda ya hango ƙasa ta ɗan yi gangare. Nan ya tsaya, ya fito ya sa dutse a gaban taya.

Ina doso wurin da fasinjoji ke fitowa direbobin tasi suka yi kaina. Ba ni da jaka, daga waje nake, takalmina da taɓon gona, amma hakan bai hana su ba.

"Alhaji, ina muka nufa?"

"Alhaji, ga mota mai sanyi."

"Ranka ya daɗe, Alhaji, wannan tasa ba ta da birki, zo nan."

A filin jirgi kowa Alhaji ne. Na ji daɗin abin har na ɗan rage sauri. Don in gwada, sai na ce wa ɗayansu Kibiya za ni. Ya sunkuyar da kai kamar na sanar da shi rasuwa. Ya kira wani, suka yi shawara, suka je wurin wani dattijo da ke zaune a benci, da alama shugabansu ne. Suka dawo da farashin da idan ka ɗan cika za ka sayi maraƙi. Na ce ai ba motar nake son saya ba. Ya ce hanya ce babu kyau, ga mai, ga kuma dawowa babu fasinja. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Kibiya. Ya ce a'a, amma yana jin labari.

Jirgin bai zo a lokacin da aka ce ba, don haka na sami damar ƙaro ilimi. Na lura masu ɗaukar mutane a wurin iri-iri ne. Ban da 'yan tasin nan masu launi ɗaya, akwai waɗanda ake kira ta waya, ba a ganinsu sai dai a ji muryarsu. Wata budurwa ta yi ta zagaye da akwati tana karanta lambobin motoci, waya a kunne, tana cewa, "Ina kake?" Ina jiyo namijin yana cewa, "Ga ni nan, ina kallonki." Ya daɗe yana kallonta kafin a gano wata matar daban yake kallo. Sannan akwai manyan, masu kwat, sun yi layi a gaban ƙofa kowa da kwalinsa a ƙirji, ba sa magana da kowa, ba sa dariya.

A cikinsu na sami namu. Saurayi ne siriri, kwat ɗin ta yi masa yawa, hannunta ya rufe masa rabin yatsu. A kwalin an rubuta sunan Gwaggo da manyan baƙaƙen boko, an jera mata laƙabi gaba da baya. Gwaggo dai ko harafi ɗaya na boko ba ta sani ba, ko lokacin da idonta ke garau. Na yi masa sallama. Ya amsa da Turanci. Na sake yi masa magana da Hausa, na ce ni ne ɗan'uwan mai sunan. Ya sake amsawa da Turanci, ya ce an sanar da shi zuwana. Na tsaya gefensa muna jira. Da rana ta take, gumi ya fara bin laktayensa, sai na ji ya ce a hankali, "Wallahi yau akwai zafi." Ashe Hausar na nan, rana take jira.

Taubashina ya yi ta kira. Ya tambaya ko direban ya riƙe kwalin daidai. Ya tambaya ko an goge motar. Ban gaya masa Baffa na zaune a gindin wata bishiya da tasa rundunar ba.

Da jirgin ya sauka mutane suka fara fitowa, can sai ga Gwaggo a keken marasa lafiya, wani ma'aikaci na turo ta. Na zaci wani abu ya same ta. Daga baya na ji taubashina ne ya nemi a yi mata hakan, matar da ke tafiya ƙauye biyu a ƙasa don ta'aziyya. Tana sanye da baƙin tabarau, ta ɗora jakarta a cinya, ta harɗe hannu kamar da ma a keke aka haife ta. Ta wuce mai kwat da kwalinsa ko kallo. Tarin Baffa ne ya tsayar da ita, don ya taso ya tsaya a bayana. Ta ce wa mai turin ya dakata, ta miƙe tsaye tsaf, ta cire tabarau.

Ta daɗe tana kallon ƙanenta.

Ta ce, "Ashe haka ka tsufa."

Baffa ya ce, "Sannu da hanya, Yaya."

"Ina ta jin muryarka ina zaton kana nan yadda na bar ka." Ta juyo kaina. "Kai kuma malamin gona, wannan tumbin yaushe aka yi shi?"

Na durƙusa na gaishe ta. Na ji daɗi ƙwarai da aikin ya yi kyau, ko da yake da likitan ya ɗan rage ƙarfinsa da ba a yi asara ba.

Akwatinta na isowa hannu uku suka sauka a kansa: na wani ɗan tasi, na direbanmu, da na mai kwat. Ɗan tasin ya ce shi ya fara gani. Direbanmu ya ce shi ya fara saninta. Mai kwat ya ɗaga kwali yana nuna sunan, kamar za a yi shari'a da shi. Baffa ya fara bayani kan zumunci. Gwaggo ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ta ce a nuna mata motocin.

Jif ɗin na kusa, baƙa wuluk, tana ƙyalli. Ta shafa jikinta. Muka taka har ƙarshen fili. Da muka isa gaban motar direbanmu ta ja ta tsaya. Ta kalli igiyar ƙofa, ta kalli kujerar da soso ya fito, ta kalli gashin kaji a ƙasa, ta kalli dutsen da ke gaban taya.

"Wannan ta wace ce?"

Direbanmu ya washe baki. "Taki ce, Inna. Ita ce dai."

"A cikin wannan nake zuwa kasuwa?"

"Kullum, Inna. Ga ma kujerarki."

Ta ce, "Allah ya rufa mini asiri da ban gani ba." Ta juya ta kama hanyar jif.

Ban taɓa ganin Baffa ya ƙanƙance irin na ranar ba. Mai kwat ya yi masa tayin shiga jif ɗin, Baffa ya ce shi ba ya hawa motar da bai san asalinta ba. Ya shiga tsohuwar ya ja igiya ya ɗaure. Direbanmu ya cire dutse, motar ta gangara kaɗan ta tsaya, gangaren bai isa ba. Na sa kafaɗa. 'Yan tasi biyu suka taya ni, suna dariya suna cewa a gaishe da mutanen Kibiya. Gwaggo ta leƙo daga ƙofar jif ta ce wa mai kwat, "Kai yaro, ba ka ga manya na turi ba?" Haka ya ajiye kwalinsa ya zo ya sa hannu, da kwat da laktaye. Motar ta yi tari, ta watsa masa hayaƙi a wando, ta tafi.

A jif ni ina gaba, Gwaggo na baya ita kaɗai a kujerar da za ta ɗauki mutum shida idan direbanmu ne ke lodi. Mai kwat ya miƙa mata ruwan gora da hannu biyu, ya ja mata bel ya ɗaure ta. Sanyin esi ya fara ratsa mu. Ba a jin ƙarar komai, ko inji. Wata mata ta yi magana da Turanci daga cikin wayarsa tana gaya masa inda zai juya.

Gwaggo ta ce, "Wace ce wannan?"

Na ce na'ura ce mai nuna hanya.

"Ba ta iya gaisuwa ba?"

Muna fita daga cunkoson gari muka hau titin Zariya, sai ta fara motsi. Ta cire tabarau ta kara fuska da gilashi, ta mayar, ta sake cirewa. Gilasan baya baƙaƙe ne, irin na manya, na ciki yana ganin waje kamar magariba ta yi.

Ta ce, "Yaro, sauke mini wannan abin."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya. Oga ya ce kada a bar iska ta taɓa miki ido. Har a rubuce ya turo wa kamfani."

Ta sa na kira mata ogan, wato taubashina. Ina jin sa yana cewa, "Inna, likita ne ya ce." Ta ce likita ya ce ta guji ƙura, kuma jiya aka yi ruwa. Ya ce ta dai yi haƙuri, motar mai tsada ce, ta huta kawai. Ta miƙo mini wayar yana cikin magana.

Ta jingina ta ce, ba da kowa ba, "An kai ni an buɗe mini ido, an kuma dawo da ni cikin duhu."

Tunda ba ta da abin kallo, sai ta koma kan mai kwat. Ɗan wane ne shi, daga ina, yana da mata, me ya sa ya rame haka. Da fari yana amsawa a taƙaice yana kallon titi. Kafin mu karya kwanar Ƙarfi ta gama kwance shi. Ashe mahaifiyarsa 'yar wata ruga ce a bayan Rano, Fulanin da suka zauna suka kama noma, amma tun yana ƙarami aka tafi da shi birni. Ya yi karatu ya gama, aiki bai samu ba. Kwat ɗin ta kamfani ce, da yamma yake mayarwa wani direban ya saka, shi ya sa aka ɗinka ta yadda za ta shiga kowa. Tun safe bai ci komai ba, domin doka ta hana ci a cikin mota, kada baƙo ya ji wari.

Gwaggo ta buɗe jaka ta ciro dambun nama a leda ta miƙa masa ta gefen kujera. Ya ce ya gode, doka ce. Ta ce ita ce baƙuwar, kuma hancinta lafiya lau, ba shi aka yi wa aiki ba. Ya kalle ni. Na kalli waje. Ya karɓa ya ajiye a cinya, bai ci ba, bai kuma mayar ba.

A Rano muka tsaya sallar la'asar a wani masallaci na bakin hanya. Da muka idar na fito na tarar da Gwaggo tsaye a gefen titi, tabarau a hannu, tana kallon duwatsun garin da ciyawar damina ta hau su. Ta daɗe a haka. Masu adaidaita sahu suna ta yi mata oda, ba ta ko juya ba. Da na matso ta ce, "Na manta suna da girma haka." Na tsaya kusa da ita kawai.

Muna tsaye tsohuwar motar ta iso, an sake cika ta da surukai. Direbanmu ya bar ta a kunne don kada ta mutu. Gwaggo ta tafi kai tsaye wurin ƙofar gaba ta ce wa Baffa ya kwance igiya ya fito.

Baffa ya ce, "Ai na ji kin ce Allah ya rufa miki asiri."

Ta ce, "Har yanzu ƙazamar ce. Amma ana ganin waje. Fito." Ta zauna ta gyara mayafi ta dubi direbanmu. "Kai kuma fara mini daga farko. Wa ya rasu, wa ya haihu, wa ya sayar da gona tun tafiyata?"

Baffa ya yi nasara, amma nasarar ta bar shi a tsaye a titi, domin bayan motar babu wurin ko da kaza. Dole ya shiga motar da bai san asalinta ba. Ya zauna a gefen kujera a ɗarare, yana riƙe da rigarsa kamar kada ta taɓa wani abu.

Mai kwat ya rikice. Ya ce idan kamfani ya ji fasinjarsa ta sauka a hanya, aikinsa ya tafi. Na ce masa ba ta ɓace ba, ga ta can a gabanmu, ya bi ta a hankali. Haka muka kama hanyar Kibiya, jif mai tsada tana rarrafe a bayan hayaƙi. Ta gilashin gaba ina hango hannun Gwaggo a waje tana nuna gonaki. Ba mu yi nisa ba na ji Baffa ya ce, "Kujerar nan ba laifi." Jim kaɗan ya tambaya ko ana iya ƙara sanyin. Kafin mu shiga Kibiya ya miƙe ƙafa, hula ta zame, yana minshari.

Taubashina ya kira ya ce in ba shi Inna. Na ce tana kallon gonaki, ba ta son a dame ta. Ya ce, "Ka gani ko? Abin da ake kira hidima kenan. Ku a ƙauye ba za ku gane ba." Na ce gaskiya ne.

Abin da ban sani ba shi ne ya riga ya buga waya Unguwar Gai ya ce a fito tarba, kuma a lura da baƙar jif. Muna shiga unguwar jama'a suka yanyame mu. Direbanmu kuwa bai tsaya a ƙofar gida ba, domin wurin shimfiɗaɗɗe ne, ya zagaya ta lungun baya inda akwai gangare. Babu wanda ya kalle shi, kullum ana ganinsa. Mata suka jeru a ƙofar zaure, maza suka matso. Mai kwat ya fito ya gyara laktaye ya buɗe ƙofar baya, don haka aka koya masa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baffa ya sauko yana mutsuke ido, hula a karkace, yana tambaya ko an iso.

Guɗar ta tsaya a tsakiya. Wani ya ce, "Ina Gwaggon?" Wata ta fara salati, ta zaci wani abu ya faru. Kafin in yi bayani muka jiyo muryarta daga cikin gida tana tambaya wa ya bar tukunyar suyarta a waje ruwa ya dake ta. Ta ƙofar baya ta shiga. Muka same ta zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta cire takalmi, tana duba ƙwarya ɗaya bayan ɗaya tana gano tsagar da aka daɗe ana ɓoye mata.

Sai mai kwat ya rusuna a bakin ƙofa ya ce yana da roƙo. Kamfani na bukatar hoton fasinja tana saukowa daga mota a ƙofar gidanta, kuma Oga ma ya ce a turo masa. Na ɗauka za ta kore shi. Ta dube shi ta ce, "In ban yi ba za su karɓe rigar?" Ya ce wataƙila. Ta mayar da takalmi da tabarau, ta fita ta hau jif ɗin, aka rufe. Ya ba ni wayarsa, ya buɗe ƙofa, ta sauko a hankali tana riƙe da hannunsa, mata suka yi guɗa. Muka tura. Taubashina ya amsa nan take cewa kwalin bai fito ba, a sake. Ta sake hawa, ta sake saukowa. Guɗar wannan karon ba ta da ƙarfi, mai yin ta ta ce maƙogwaronta ya bushe. Hoton yana nan har yau a wayoyin dangi, an rubuta addu'a a ƙarƙashinsa, ana yaba wa ɗan da ya san darajar uwa.

Gwaggo ba ta bar mai kwat ya tafi ba sai da ya zauna a tabarma ya ci tuwon dawa da miyar kuɓewa. Ya cire kwat ɗin ya ninke ta ya ajiye nesa da kwano. Direbanmu ya zauna gefensa suna ci tare, yana ba shi shawara cewa mota irin wannan asara ce a bar ta tana tafiya da mutum ɗaya, idan aka cire kujerar baya aka sa benci biyu za ta yi abin kirki. Baffa kuwa yana waje yana yi wa dattawa bayanin yadda esi ke aiki, da kuma yadda tun farko shi ya ba da shawarar a ɗauko jif.

Da mai kwat zai koma ya rage mini hanya zuwa Kibiya. Muna fita unguwar ya sassauta laktaye, ya zare takalmi ya tuƙa da ƙafa tsirara, yana ɓare dafaffiyar gyaɗar da aka cika masa leda da ita. Ya tambaye ni ko ana samun hayar gona a wajenmu, kuma wane iri ya fi karɓar ƙasar. Na gyara zama na fara bayani, don an daɗe ba a tambaye ni da gaske ba. Ina tsakiyar maganar waken suya wayarsa ta yi ƙara. Ya haɗiye gyaɗar, ya miƙe wuya, ya koma Turanci. Wani baƙon ne zai sauka gobe da safe.

Ya ajiye ni a bakin kasuwa, muka yi sallama, ya ce zai neme ni kafin damina mai zuwa. Na taka zuwa gida. Maiɗakina ta tare ni a tsakar gida ta karɓi hulata, ta tambayi lafiyar Gwaggo. Na ce tana gani sosai, kuma ta ce gobe za ta zo ta ga gidanmu. Ta dubi bangon kicin da hayaƙi ya cinye, ta dubi labulen ɗaki, sannan ta aika maƙota a aro mata tsintsiya mai dogon hannu.